Manhajar da ke aiki a cikin burauza: Asalinta, ƙa'idojinta da amfaninta ga 'yan kasuwar Miga da Dutse

Manhajar shafin intanet ita ce wadda ake aiki da ita a cikin burauza, irin su Chrome da Opera da Safari da Firefox, ba tare da an sauke ta a waya ko kwamfuta ba. Mutum ya rubuta adireshi, shafi ya buɗe, amma maimakon ya tsaya ga karatu sai ya cike fom, ya biya kuɗi, ya duba lissafi, ya ciro rasit. Duk wanda ya taɓa yi wa kamfaninsa rajista a shafin hukumar CAC, ko ya biya kuɗin makarantar ɗansa ta Remita, ko ya duba sakamakon jarrabawar WAEC, ya riga ya yi hulɗa da irin wannan manhaja, ko da bai san sunanta ba.

Bambancinta da shafin intanet na da, shi ne bambancin allon talla da shagon da aka bar yaro a ciki. Allo yana faɗin abin da aka rubuta masa, jiya da yau ɗaya. Shi kuwa yaron shago yana jin tambaya, ya duba abin da ya rage a sito, ya faɗi farashin yau, ya karɓi kuɗi, ya rubuta a littafi. Wannan iya amsawa nan take ita ce ta mayar da shafin intanet kayan aikin kasuwanci.

Batun ya shafi yanki irin Miga kai-tsaye. Ƙaramar hukumar, wadda ke cikin bakwai da suka haɗu suka zama Masarautar Dutse, tana kan fadamar Kogin Haɗeja, inda ake noman shinkafa damina da rani. Abin da aka noma a can da maƙwabtanta irin su Jahun da Kafin Hausa yana bi ta kasuwanni kamar Gujungu da Shuwarin, ya isa Dawanau a Kano. Riɗi da zoɓon jihar kuwa sai sun dangana da tashar jiragen ruwan Legas. Mai saye na nesa, mai kaya na ƙauye, dillali a tsakiya, kuɗi kuma suna tafiya ta waya. A irin wannan ciniki, wanda ke da rubutaccen lissafi da kowa zai iya dubawa daga inda yake, ya fi samun amana.

Daga takarda zuwa kayan aiki

Tim Berners-Lee, ɗan Ingila da ke aiki a cibiyar binciken CERN kusa da birnin Janeba, shi ya gabatar da shawarar tsarin a watan Maris 1989. Manufarsa a lokacin ita ce masana su riƙa musayar takardu. A ranar 30 ga Afrilun 1993 cibiyar ta saki fasahar ga kowa da kowa ba tare da neman kuɗin mallaka ba. Wannan shawara ce ta sa har yau babu kamfanin da ake biya haraji kafin a gina shafi. A 1994 Berners-Lee ya kafa ƙungiyar W3C domin tsara ƙa'idojin da masu ƙera burauza da masu gina shafuka za su bi.

Ginshiƙai uku suka fito daga waɗannan shekaru, kuma su ne har yanzu ke riƙe da kowane shafi. HTML shi ke fayyace ƙashin ginin: wannan kanu ne, wannan tebur ne, wannan gurbin rubuta lambar waya ne. CSS, wanda W3C ta fitar da ƙa'idarsa ta farko a ƙarshen 1996, shi ke kula da shafe da fenti, wato launi da girman rubutu da yadda shafi zai zauna a ƙaramin allo ko babba. Na uku, JavaScript, yaren shirya manhaja ne da Brendan Eich ya rubuta wa kamfanin Netscape a 1995, aka kuma yi masa ƙa'ida ta bai-ɗaya mai suna ECMAScript a 1997. Shi ne ke motsa shafi. Idan mai saye ya ƙara buhu biyu a kan odarsa, jimillar kuɗin ta sauya a gabansa, aikin JavaScript ne.

Amma a shekarun farko, duk maɓallin da aka danna sai an sake ɗauko shafin gaba ɗaya daga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan. Allo ya yi fari, mutum ya jira, in an yi rashin sa'a abin da ya cike ya goge. Kamfanin Microsoft ne ya fara saka wata dabara a burauzarsa a 1999, wadda ke ba shafi damar aika tambaya ta bayan fage ya karɓo ɗan bayanin da ake bukata kawai. Jama'a ba su lura da ƙarfinta ba sai da Gmail ya fito a 2004, taswirar Google Maps ta biyo baya a farkon 2005, mutane suka ga ana jan taswira da hannu tana biyowa babu jira. A watan Fabrairun 2005 wani mai tsara shafuka a Amurka, Jesse James Garrett, ya laƙaba wa dabarar suna Ajax.

Ga mai waya a Miga, amfanin ya wuce na kyan gani. Shafin da ke karɓo farashin buhun shinkafa kaɗai, maimakon ya sake sauke hotuna da tambari da komai, ya fi saurin buɗewa idan sabis ya yi rauni, kuma bai cin data kamar na da.

Darasin Flash

Akwai wata hanya da aka bi a gefe, wadda ta ƙare da asara. Saboda ƙa'idojin bai-ɗaya sun yi jinkirin kawo bidiyo da sauti da zane mai motsi, kamfanoni suka fito da nasu ƙarin da ake liƙa wa burauza. Mafi shahara shi ne Flash, wanda Adobe ya mallaka bayan ya sayi kamfanin Macromedia a 2005. Microsoft ma ya fito da Silverlight a 2007. Bankuna da makarantu da ma'aikatu a ƙasashe da dama suka gina ayyukansu a kansu.

Sai wayar iPhone ta zo ba ta karɓar Flash, kuma a Afrilun 2010 Steve Jobs ya fito fili ya ce ba za ta karɓa ba. A can gefe, injiniyoyin Apple da Mozilla da Opera sun riga sun kafa ƙungiyar WHATWG tun 2004 suna sabunta HTML, aikin da ya haifar da HTML5, wanda W3C ta amince da shi a watan Oktoban 2014. Da burauza ta iya nuna bidiyo da zane da kanta, Flash ya rasa dalilin zama. Adobe ya daina kula da shi a ranar 31 ga Disamban 2020, Silverlight ya bi sahu a 2021. Duk wanda ya zuba kuɗi ya gina a kansu, sai da ya sake gini daga tushe. Shafin da aka rubuta da HTML tsantsa a shekarun 1990 kuwa, har yau yana buɗewa a sabuwar waya.

Abin da kalmar ƙa'ida ke nufi ga ɗan kasuwa ke nan. Da a ce kwanon awo na Gujungu mallakar mutum ɗaya ne, yana iya rage shi ko ya ɗauke shi ranar da ya ga dama, da ciniki bai yiwu ba. Ƙa'idar bai-ɗaya rubutacciya ce, kowa na iya karanta ta, kamfanoni masu gaba da juna sun yarda su bi ta. Manhajar da aka gina a kanta tana aiki a Tecno da Itel da Samsung da iPhone da kwamfutar ofis, kuma idan wanda ya gina ta ya bar gari, wani na iya ɗorawa daga inda ya tsaya.

Inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa

Nan ne batun ya fi nauyi ga tsakiyar Jigawa. Yawancin manhajojin duniya an tsara su ne a biranen da intanet ba ya yankewa, a gwada su a kan wayoyi masu tsada. Mai gina wa ɗan kasuwar Dutse manhaja, idan ya kwaikwaye su ido rufe, zai miƙa abin da ke gudu a ofishinsa amma ya ƙi motsi a bakin gona.

Lissafin mai sauƙi ne. Gigabayit ɗaya na data kusan megabayit 1,000 ne. Shafi mai nauyin megabayit 3 zai cinye shi a buɗewa kusan 330, shafi mai kilobayit 300 kuwa sai an buɗe shi fiye da sau 3,000. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan bambanci ya ƙara fitowa a aljihun kwastoma. Kuma yawanci ba rubutu ne ke kawo nauyin ba, hotunan da ba a matse ba ne da tarin JavaScript. Kayan gini irin su React, da Facebook ya saki a 2013, da Angular na Google, suna sauƙaƙa wa magini aiki, amma suna iya loda wa ƙaramar waya kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Shagon da ke nuna farashin kaya iri ashirin ba ya bukatar irin ginin da Facebook ke bukata, ko da kuwa magini ya fi son nuna gwaninta.

Wata dabarar da ta dace da yankin ita ce wadda aka raɗa wa suna PWA a 2015. Manhajar shafi ce da ke iya ajiye kanta a cikin waya. Bayan buɗewar farko, wani ɗan shiri da ke aiki a bayan fage yakan adana fuskar manhajar da bayanan da aka fi bukata, ta yadda ko babu sabis za ta buɗe. Mutum na iya ɗora tambarinta a fuskar wayarsa kamar kowace manhaja. Wayoyin Android sun fara karɓar dabarar, Apple ya biyo baya a 2018, kuma manyan shagunan intanet na Najeriya, Jumia da Konga, suna cikin waɗanda suka gwada ta da wuri.

A ɗauki misalin mai injin casar shinkafa da ke da wakilai uku suna sayo masa shanshera a ƙauyuka. Kowane wakili na shigar da sunan manomi da yawan buhu da kuɗin da aka biya a wayarsa, ko da yana wurin da babu sabis. Bayanan na zaune a wayar. Da ya fito titi sabis ya kama, sai su tafi uwar garke, maigida ya gan su daga Dutse ko Kano. Da damina, lokacin da ambaliyar Kogin Haɗeja kan yanke hanyoyi a Miga da kewaye, littafin takarda na iya kwana biyar bai iso ba, ko ya iso a jiƙe.

Sai dai dabarar na da iyaka, kuma mai sayen manhaja ya kamata ya san ta kafin ya biya. Idan yara biyu a rassa biyu suka sayar da buhu hamsin na ƙarshe alhali dukansu ba su da sabis, manhaja ba ta da yadda za ta sani sai sun haɗu da uwar garke. Dole magini ya tsara abin da zai faru a wannan hali, maigida kuma ya yanke hukuncin wanda za a bai wa kaya. Biyan kuɗi ma ba ya tabbata sai da sabis. Sannan burauzar Opera Mini, da mutane da yawa suka saba da ita don tsimin data, tana bi da shafuka ta kwamfutocin kamfanin ne ta matse su, kuma a yanayin tsiminta mai tsanani manhajoji da dama ba sa aiki yadda ya kamata. Hujjar da za a karɓa daga magini ita ce ya gwada aikinsa a kan wayar yaron shago, a cikin kasuwa, da tsakar rana.

Ta fuskar kuɗin gini ma akwai rangwame. Wanda ke son manhajar da ake saukewa daga rumbu yakan gina biyu, ta Android da ta iPhone, ya biya Google dala 25 sau ɗaya, ya riƙa biyan Apple dala 99 duk shekara, ya jira su amince da duk gyaran da ya yi. Manhajar shafi guda ɗaya ce, gyaran da aka yi da safe kowa ya gan shi da safen. Kwastoman da wayarsa ta cika da hotuna ba sai ya goge komai ba.

Kuɗi da tabbacin shigarsu

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin ₦200 da ₦500 da ₦1,000, ya tura har masu tireda zuwa karɓar kuɗi ta waya. Hanyar ta daɗe a shimfiɗe: kamfanin Interswitch ya fara aiki tun 2002, NIBSS ya ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011, lambar BVN ta zo a 2014. Paystack, da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, da Flutterwave na 2016, su suka sauƙaƙa wa ƙananan shafuka karɓar kuɗi. Kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a 2020.

Abin da ke haɗa shagon ɗan kasuwa da waɗannan kamfanoni ana kiransa API, wato wata taga da manhaja ɗaya ke buɗe wa wata su yi magana bisa tsarin da aka yarda da shi. Kwastoma ya zaɓi kaya, manhajar shago ta miƙa shi ga kamfanin biyan kuɗi, ya biya da kati ko turansifa ko lambar USSD. Daga nan kwamfutar kamfanin ce da kanta ke sanar da uwar garken shagon cewa kuɗi sun shiga, sannan a fitar da rasit. Lambar katin kwastoma ba ta zauna a hannun mai shago ba, kuma haka ya fi masa alheri.

A nan ne maganin alat na bogi yake. Hoton rasit da aka turo ta WhatsApp, ko saƙon tes da ya yi kama da na banki, duk ana iya ƙirƙirarsu. Sanarwar da ta taso daga kwamfutar kamfanin kuɗi zuwa ta shago ba ta bi ta hannun mai saye ba. Kamfanonin na cire wani ɗan kaso daga kowane ciniki, kuma ga mai kayan da ribarsa ƙalilan ce a kan kowane buhu, wannan kason abin lissafawa ne tun kafin a sa hannu. Amma mota ɗaya ta riɗi da aka loda bisa rasit na ƙarya ta fi kason shekara guda.

Babban Bankin ya fitar da jagororin buɗe bayanan banki ga wasu kamfanoni bisa izinin mai asusu a watan Maris 2023. Ma'anarsa ita ce tarihin cinikin ɗan kasuwa, idan a rubuce yake cikin tsari, na iya zama shaidar da mai ba da jari zai duba. Wanda lissafinsa ke cikin kansa da kan yaransa ba shi da abin nunawa.

Haruffa masu lanƙwasa

Akwai ƙa'idar da masu Hausa ke da ruwa da tsaki a cikinta, ita ce Unicode, wadda ta bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa. Ƙ da ɗ da ɓ duk suna ciki, haka alamar ₦. Idan aka gina shafi da rumbun bayanansa bisa tsarin UTF-8, sunan Ɗanladi zai fito Ɗanladi a rasit. Idan aka yi sakaci sai ya fito da akwati ko alamar tambaya a farkonsa. Ba ƙaramin abu ba ne a harshen da kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, ba ma'anarsu ɗaya ba. Wajen bincike kuma akasin haka ake so: manhaja mai kyau ta gane cewa wanda ya rubuta Hadeja yana neman Haɗeja, domin ba kowace waya ke da haruffan a kusa ba.

Haka ƙa'idojin WCAG na W3C, waɗanda suka tanadi yadda makafi da masu raunin gani za su iya amfani da shafi. Rubutu mai girma, launin da ake iya gani a rana, maɓallin da babban yatsa ba zai kuskure ba, duk suna amfanar dattijon da ya bar tabaransa a gida kamar yadda suke amfanar mai lalura.

Tsaro da doka

Adireshin da ya fara da https yana nufin abin da ke tafiya tsakanin waya da uwar garke a kulle yake, wanda ke tsakiya ba zai karanta ba. A da sai an biya kuɗi ake samun takardar shaidar da ke ba da wannan kariya, amma tun ƙarshen 2015 cibiyar Let's Encrypt ke bayar da ita kyauta, kuma daga Yulin 2018 Chrome ya fara yi wa shafukan da ba su da ita tambarin rashin tsaro. Maginin da ya kawo shafi babu https a yau ba shi da uzuri.

Sai dai kulle hanya ba ya nuna halin wanda ke ƙarshenta. Ɗan damfara ma na iya samun https a shafinsa na bogi, abin da ya sa Google ya cire alamar kwaɗo daga Chrome a 2023, don mutane na ɗaukar ta a matsayin shaidar gaskiya. Abin dubawa shi ne sunan adireshin harafi bayan harafi. Shafukan hukumomin gwamnati kan ƙare da .gov.ng, kuma hukumar NITDA ce ke kula da rabon wannan suna. Shafin ɗaukar ma'aikata ko rabon tallafi da ya ƙare da wani abu dabam, yana kuma neman BVN da lambar sirri, abin gudu ne.

Tun ranar 12 ga Yunin 2023, da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wanda ke tara sunaye da lambobin waya da lambobin NIN na mutane ya ɗauki nauyin doka. Dole ya kasance da dalilin tara su, kada ya tara fiye da bukata, ya tsare su, kuma idan aka yi kutse mai haɗari ga masu bayanan ya sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72. Wannan ya hau kan ƙungiyar manoma mai rajistar mambobi da makarantar kuɗi da kantin magani, kamar yadda ya hau kan ma'aikatar gwamnati.

Wa ke da shagon?

Yawancin cinikin intanet a arewa a WhatsApp da Facebook da TikTok ake yin sa, kuma babu laifi a haka, can kwastomomi suke. Amma rumfar haya ce. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan sa'o'i shida a duniya baki ɗaya. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Kamfani na iya rufe asusun mutum ba tare da ya ji ta bakinsa ba, kwastomomin shekara biyar su tafi tare da shi. Mai adireshinsa na kansa, irin .com.ng da ƙungiyar NiRA ke kula da shi, yana iya tallata kaya a WhatsApp amma oda da lissafi su sauka a gidansa.

Kalmar “na kansa” na bukatar kulawa. Sau da yawa magini ne ke yin rajistar adireshin da sunansa da imel ɗinsa, shi ke riƙe da mabuɗin uwar garke. Ranar da aka saɓa, ko ya koma wani gari, ko aka manta sabunta rajistar shekara, shago ya rufe. Ya kamata yarjejeniya ta fayyace a rubuce cewa adireshi da rubutun manhaja da bayanai na mai kuɗi ne, cewa zai iya sauke bayanansa a fayil ɗin da Excel ke buɗewa duk lokacin da ya so, da kuma nawa ne kuɗin kulawa a shekara. Jami'in gwamnati da ke rubuta sharuɗɗan kwangilar shafin ma'aikata ko na ƙaramar hukuma ya fi kowa bukatar wannan, domin shafukan hukumomi da yawa kan mutu ne da ƙarewar kwangila ko sauyin gwamnati, a sake ware kuɗi a gina sabo.

Jigawa da masu ginin

Jihar ba baƙuwa ba ce a fagen. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, ta kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta Informatics a Kazaure, a lokacin da wayar GSM ma ba ta daɗe da shigowa ƙasar ba. Daga baya aka samu Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, da jami'ar jiha a Kafin Hausa, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura. Kashifu Inuwa Abdullahi, da aka naɗa shugaban NITDA a 2019, ɗan Haɗeja ne. Saboda haka ɗan kasuwar Miga ba sai ya je Legas neman magini ba, kuma wanda ya san yadda ake awon shanshera da yadda ake bin bashin manomi zuwa kaka ya fi dacewa ya tsara fom ɗin da wakili zai cike.

Abin da magini ba zai iya gyarawa ba shi ne wuta da layi. Katsewar wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris 2024 ta taɓa bankuna da kamfanonin sadarwa a Najeriya, kuma a watan Oktoban shekarar yawancin jihohin arewa suka shafe kwanaki babu lantarki bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Sannan manomi mai ƙaramar waya mai maɓalli ba shi da burauzar da za ta ɗauki manhajar zamani. Tsarin da ya dace da shi shi ne wanda uwar garke ɗaya ke amsa wa kowa ta hanyarsa: maigida ta shafi a kwamfuta, wakili ta manhajar da ke aiki ko babu sabis, manomi kuma ta saƙon tes da ke faɗa masa buhu nawa aka karɓa da nawa ya rage a biya shi.